Inuwa Biyu

Shagona na Jekadafari, jikin rumfar mai faci,
shekara goma sha tara ina gyaran fuska.
Na share ƙuraje a kumatun amare,
na ɗaura wa ango agogon da bai saya ba,
na tsayar da dattijo a gaban Ka'aba
alhali ko Kano ƙafarsa ba ta taka ba.
A biya ni, a yi dariya, a rataye a bango.
Ban taɓa kiran wannan ƙarya ba.

Ranar Laraba, babu wuta, janareta na tari,
sai ga Goggo Yelwa, mayafi a karkace,
takalmi ɗaya nata, ɗaya na jikarta.
Ta dire waya a tebur kamar garwashi.
"Kai ka san hoto. Duba min.
Na uku daga hagu, wanda ke kife.
Gidado ne?"

Sojoji biyar kwance cikin yashi,
mota na ci da wuta a bayansu,
a ƙasa an rubuta: jiya da asuba.
Sau tara aka turo mata kafin ta idar da walaha,
kowa da salatinsa, kowa da "tura wa na gaba".

Na ja hoton da yatsu biyu har ya fashe tsaba-tsaba.
Inuwar motar ta faɗi gabas,
ta gawarwakin ta faɗi yamma,
rana kuwa ɗaya Allah Ya yi mana.
Hayaƙin curi uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya,
an kwafa, an liƙa, an sake liƙawa.
Gefen takalmin na ukun ga farin zare
irin wanda nake bari in ina sauri daren salla.
Ɓarawo ke gane sawun ɓarawo a kan dutse.

Na ce, "Haɗi ne, Goggo.
Wani ya zauna yadda nake zaune,
da shayinsa a gefe, ya shirya wannan."

Ta sauke numfashi mai tsawon wata uku.
"To yana raye ke nan."

Bakina ya bushe.
Na san haske, na san inuwa,
ban san inda Gidado ya kwana ba.
Hoton ƙarya ne, amma waɗanda aka yanko
daga wani yaƙin, wata ƙasar, wata shekarar,
ai da gaske suka kwanta.
Na ukun nan wata ce ta goya shi,
wataƙila ita ko sau ɗaya ba a tura mata ba.

Na tuna bara, ɗan Malam Ardo na Herwagana.
Nasa hoton na gaske ne, babu zare, inuwa ɗaya.
Unguwa ta ce haɗi ne, uban ya ce haɗi ne,
ya ƙi shimfiɗa tabarmar gaisuwa
sai da aka kawo jaka da buta da cokali.
An zuba wa rijiya ƙasa,
yanzu ko ruwan kirki aka ɗebo sai a ce laka ne.

Goggo ta kwance bakin zani,
ta zaro fasfo ɗin da na ɗauke shi
ana jibi zai tafi horo.
"Ƙara masa girma. Amma wannan goshin ba nasa ba ne.
Ina tabon ƙahon saniya?"

Ni na goge shi. Kyauta ma na yi masa.
Na bincika kwamfuta har la'asar,
na asalin ban ajiye ba.

Sai ta jawo kujera kusa da ni.
Ina zanawa, tana faɗa:
"Ƙasa kaɗan. A'a, hagu.
Bai kai haka tsawo ba.
Tsaya.
Bar shi nan."