Littafin Maki

Ni ce mai riƙon littafi.
Ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando a gasa ba,
amma duk wadda ta jefa, da hannuna ta hau takarda.

Shafin farko ba shi da maki.
Sunaye bakwai ne da jan biro,
sai bashin jika biyu na Mati mai walda,
wanda ya lanƙwasa mana rodi ya yi zobe,
ya ce: in na ɗora tulu ne, ya cika faɗi,
in na kamun zomo ne, wa ya rataye shi a sama?
Raga kuwa guntun komar kawun Tsayaba ce
daga tafkin Madarunfa.
Wata guda filin jami'a na ƙarnin tarwaɗa.

Samari ke da fili daga la'asar har magariba.
Mu aka bar wa bayan asuba,
sa'ad da siminti ke da sanyin gindin randa.
Ƙwallo ɗaya tak.
In ta sace, Habsu ta ruga wurin mai faci,
mu tsaya muna jifa da iska.
Madam Salamu, usur a wuya, goyo a baya,
tana cewa: ku rusuna kamar masu gaida surukai,
amma ido a sama, ido a sama!

Shafi na tara, Damagaram.
Sittin da ɗaya, mu takwas.
Na rubuta takwas ɗin da ƙiba
har ta ci layi uku.
A dawowa mota ta mace tsakanin Gazawa da Agye,
muka tura ta da kumburarrun ƙafafu,
Zalika na ba da amo: takwas! takwas!
har direba ya kasa riƙe sitiyari don dariya.

Akwai shafukan da ba kowa a ciki.
Shekarar da bursi ya yi wata biyar bai zo ba,
aka garƙame amfi, kowa ta nufi garinsu,
awaki suka gaji fili.
Ƙwallo ta yi damina cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa.
Kowace Juma'a ina fito da ita in buga sau goma a tsakar gida
don kada ta manta.

Sai daren nan.
Saura minti huɗu wuta ta ɗauke.
Ƴan kabu-kabu da suka zo kallon mata na tsalle
suka kewaye fili, suka kunna fitilu.
Sahura ƴar Dakoro,
wadda guga ya gina wa kafaɗa a rijiya gaba sittin,
ta saki ƙwallo daga nesa.
Ta zagaya zoben Mati sau biyu
kamar baƙuwa mai tambayar gida,
ta shiga.
Da ɗaya muka wuce.
Ga wurin nan, inda biro ya yaga takarda.

Yau allo na gilashi ne, raga fara ƙal,
kowace yarinya da takalminta da lambarta.
Inna suke ce mini.
Tsayaba na karɓar haihuwa a Mayahi,
Habsu na auna gonaki,
Sahura ta daina amsa waya tun da ta tafi Agadas.
Zalika ta riga mu. Ban soke sunanta ba.
Goyon Madam Salamu ce mai lamba shida,
ba ta rusunawa, kuma ba mai gaya mata.

Tsohon zoben yana gidana a Ali Ɗan Sofo,
soso ya naɗe shi, yana fure rawaya.

Jiya na je biyan Mati.
Ido ya yi rauni, yara ke masa walda.
Ya shafa kuɗin, ya maido mini.
Ya ce: in na karɓa, za ki ja layi a kaina.
Bar ni a littafi.