Wayar Tasi'u

Ran Laraba Tasi'u ya rufe shago a Fam Santa,
ya ce gobe zai ƙarasa wayar Hajiya Uwale.
Goben ta zo, muka kai shi Ɗandolo
tun ba a kira la'asar ba.

Ba mata, ba ɗa, shekara arba'in da huɗu.
In an tsokane shi da tuzuru sai ya yi dariya:
“Me na tara da za a yi rigima a kai?
Tabarma ce da buta.”

Ashe akwai fili a Rijiyar Zaki,
takardar na hannun wani aboki
da ya zo gaisuwa sau ɗaya, ya ja bakinsa.
Ashe akwai adashi, kwasarsa wata mai kamawa.
Ashe akwai dubu ɗari uku na Sagiru mai shayi,
ajiya, ba shaida sai Allah.

Lissafin duk yana cikin wayarsa.
Mutumin da ya buɗe wayar rabin Kano,
tasa ba ta buɗuwa sai da babban yatsansa,
yatsan kuwa mun rufe shi da ƙasa.

Bayan addu'ar uku 'yan uwa suka zauna rabo.
Malam ya ce bashi tukuna, sai wasiyya, sannan gado.
Aka tambayi bashi, kowa ya dubi kowa.
Aka tambayi wasiyya,
fanka kaɗai ke magana.

Ilu na tsaye a bakin ƙofa,
yaron da ya ɗauko yana ɗan shekara tara,
ya koya masa riƙon sukudireba,
ya sha ce masa, “Shagon nan naka ne wata rana.”
Fatar baki ce, iska ta kwashe.
Ba jini, ba rabo.
Aka ba shi kuɗin mota.

Ni ma ba mai jira na da tuwo.
Daren jiya na yagi takarda a littafin ciniki,
na rubuta wanda nake bi da wanda ke bi na,
da inda makullin akwati yake,
da abin da za a cire wa Ladidi 'yar maƙwabta cikin sulusi
don kada ta bar makaranta.
Da asuba na tare liman da Mudi mai awo,
suka sa hannu.

Mudi ya ce, “Kai da lafiyarka?”
Na ce Tasi'u ma ran Laraba da lafiyarsa.

Wayar Hajiya Uwale na nan kan tebur,
hanjinta a waje.