Fangali Huɗu a Bolari

Fangali huɗu gare ni a bayan ɗaki,
nan Bolari, inda ruwa ke da farashi.
Jarka shida kullum daga kurar Ɗan'asabe,
biyu na girki, ɗaya ta wanka da alwala,
sauran na alayyafo, latas da yakuwa,
da na'ana'ar shayin da likita bai hana ni ba.

Tun da na ajiye aiki a gidan waya
ƙasa ce ke karɓar wasiƙuna.
In aika iri da safe,
amsa ta zo koriya bayan kwana biyar.

Sai ga masu aiko nasu saƙon.

Da asuba, kafin ladan ya sauke murya,
na tarar an tone gindin latas,
an binne amana, an rufe da ladabi,
an bar sawu ƙanana kamar an danna hatimi.
Hancina ya karanta kafin idona.

Su uku ne, na ƙirga su a kan katanga:
wata fara mai tabo a goshi,
wata ja, siririya kamar tsinken tsire,
da muzuru baƙi wuluk, kunne guda a yage,
mai kallona kamar ni ne ɗan haya.

Na watsa ɓawon lemu, suka shinshina suka kewaye.
Na daka barkono da toka na barbaɗa,
iska ta juyo, ni na kwana ina atishawa.
Na sa aka saro ƙayar aduwa daga hanyar Dukku,
ta soki jikata a diddige, ta soke ni sau biyu,
muzuru ya ratsa tsakani ko gashi bai bari ba.
Kwalaben ruwan da aka ce suna tsoro,
a jikinsu na gan shi yana gyaran gashin baki.

Ladiyo ta ce, "Malam, ɗauki danƙo mana."
Na ɗauka. Na ja har kunne.
Na tuna matar da aka ce mage ta kai ta wuta,
na sassauta, tsakuwar ta faɗo mini a ƙafa.

Ranar Laraba na zura babbar riga,
na jera magana tun daga zaure:
haƙƙin maƙwabci, tsadar ruwa, tsarkin ganye.
Adda Petel na zaune gindin dalbejiya,
ƙwarya a cinya, yana ta fara cin idonta.
Ta ce, "Dudu, matsa. Bappayo, zo gai da baƙo."
Na waiga neman yara.
Muzuru ne ya taso.

Bappayo na gaske yana Fatakwal,
shekara goma sha ɗaya ko sallama.
Wasiƙarsa ta ƙarshe ta hannuna ta bi.

Na sha kindirmo, na yaba sanyinsa.
Maganar da na jero ta koma aljihu.

Washegari na sayi yashi cikin baro,
na juye a lungu, bayan tulin itace,
na ja ragar kaji a kan fangali,
na ce, ga naku, ga nawa, kowa ya san iyakarsa.
Farar ta yarda. Jar ma ta yarda.
Bappayo ya bi doka kwana uku,
ran na huɗu ya gano inda raga ta saki.

Yanzu da ƙaramin shebur nake fita da asuba,
in kwashe, in wanke hannu har gwiwa,
ina mita ƙasa-ƙasa kada a jiyo ta katanga.

Jiya na kai mata ɗaurin alayyafo,
wankakke sau uku.
Ta shafa ganyen da yatsu, ta kai hanci,
ta ce, "Barkalla, Malam, wane taki kake sawa?"
Muzuru na kwance a ƙafarta, ido rabi a rufe.
Na dube shi. Ya yi hamma.
Na ce, "Adda, taimakon maƙwabta ne."