Kayan Mai Sunana

Tabarau nake jira.
Tsahara ta bugo daga Yamai: "Baba, na sa a gidan waya,
kwana huɗu ka koma zura zarenka da kanka."
Kwana huɗu ya haifi wata biyu.
Jikana Illa ke zura mini allura, yana gunaguni.

Ran Talata Mushe Arzika ya leƙo ta tagar ƙarfe:
"Tankari Gado, kayanka sun zo."
Na dangwala yatsa, na rungumi kwali,
na ce wane irin tabarau ne da nauyin tulu?
Daga nan har Bilbis
wani abu na bugawa a ciki, ƙas, ƙas, daidai ƙirjina.

Na yanke igiya da almakashin aiki.
Hula mai maiƙon goshi.
Takalmin roba, dunduniyar hagu ta cinye.
Rediyo ba batir.
Jika bakwai ƙulle a safa.
Agogon hannu yana ta tafiyarsa,
awa guda a bayanmu, lokacin wata ƙasa.
Can ƙarƙashi, takarda ninki huɗu.

Illa ya karanta da muryar lakkol:
"Zuwa ga Tankari Gado, Tasawa.
Bayan gaisuwa, sai haƙuri.
Nomau ya cika ran Laraba, nan Abijan.
Mun yi masa sutura, bashinsa mun biya.
Ga abin da ya bari."

Ba ni da ɗa Nomau.
Ban taɓa taka Tasawa ba.
Amma salati ya suɓuce mini,
na nemi ƙasa na zauna.

Hatimi ne ya hau sunan garin
ya danne masa ciki,
Tasawa ta koma Tawa,
mutuwa ta yi ɓatan kai, ta yi sallama a shagona.

Daren nan barci ya ƙi.
Na ce, yanzu haka mai sunana ya ci tuwo,
ya wanke hannu, ya kishingiɗa,
yana lissafin buhun geron da Nomau zai aiko wa kuɗi.
Muddin kwalin nan na ƙarƙashin kekena
yaron na can da ransa, yana tura kura a kasuwa.

Ba zan ɓoye ba: kwana uku na riƙe shi.
Kowace asuba in ɗaura wa agogon wani,
kamar mai ba marayar akuya ruwa.
Sata ce ko sadaka, ban sani ba.
A na huɗu na tuna amana ba ta tsufa a hannun baƙo.
Na ɗinke kwalin cikin buhu, ɗinki biyu,
na sa Illa ya rubuta TASAWA
da baƙaƙen da ko ni ina gani.

Mushe Arzika ya lasa yatsa, ya bi babban littafi.
"Af! Ai naka an karɓa a can, tun watan jiya.
In rubuta su maido?"

Wato idona na kan hancin mai sunana.
Da shi zai warware takarda ninki huɗu.

Na ce a bar masa.
Na ce a zuci, Allah sa gilashin ya yi masa hazo,
ya kira wani mai taushin murya ya karanta.

Illa, ajiye ƙwallon nan.
Zo zura mini zare.