Awon da Sikelina Bai Kai Ba

Kuran ya ɗauke a Bagalam,
muka fid da tabarma tsakar gida.
Tsahara, mai karatun taurari,
ta nuna min gurbin da babu komai:

"Baba, can akwai biyu.
Tare aka haife su, tare suka ci wuta.
Babban ya kumbura, ƙaramin ya sha daga jikinsa,
kowanne ya fashe a ranarsa.
Abin da ya saura dunƙule ne,
faɗinsa daga nan zuwa Madarunfa,
amma ya fi rana nauyi."

Shekara talatin ina awon gujiya a kasuwa.
Na san buhun da aka jiƙa, na san mai tsakuwa,
ban san ƙaramin da ya rinjayi rana ba.

"Ba su rabu ba," in ji ta.
"Suna zagaya juna,
kowane zagaye na girgiza sarari
kamar tafki in kwalekwale ya ratsa.
Girgizar ke cin tazararsu,
taku uku bana, taku uku baɗi,
shekaru miliyan bisa miliyan,
har su matso, su yi sauri, su ƙara sauri,
su haɗe da ɗan kuka ɗaya irin na tsuntsu."

"Wa ya ji?"
"Na'ura mai dogayen hannuwa biyu.
Girgizar ta bi ta jikinmu ma, ba mu sani ba."

Na dubi uwarta tana gyangyaɗi,
shekara arba'in muna zagaya murhu guda.
Na ja tabarmata taku ɗaya.

Sai kuran ya dawo.