Littafi Mai Jan Bango

A gwajin farko na yi wa kaina ƙarya.
A tsakar gidanmu na Jekadafari
na kunna muryar Baturen nan a waya,
in ya yi sauri in tsayar da shi,
in ya wuce ni in dawo da shi baya,
ina leƙen amsa ta wutsiyar ido
kamar mai tsamo nama a tukunyar miya.
Talatin da shida cikin arba'in!
Na kwanta ina murmushi.

Babayo ne ya tona ni.
Ya ce, "Adda, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.
A can wa zai tsayar miki da Bature?"
Ya ƙwace wayar, ya ɗora agogo kan turmi,
ya zauna bakin ƙofa, fuska a murtuke,
ɗan aji biyu ya zama mai gadina.
Injin markaɗen maƙwabta yana ta ruri.
Goggo ta kira ni sau biyu, ban amsa ba.
Lokaci na cika ya zare takardar,
birona yana tsakiyar kalma.
Ashirin da ɗaya.

Na yi ɗan kukana a bayan ɗaki,
sannan na tuna sana'ata.
Shekara tara ina aikin jinya a asibitin koyarwa,
ban taɓa miƙa wa mutum magani
don kawai ya ce jikinsa babu daɗi ba.
Sai an ɗebi jini, an auna zafi,
an gano inda ciwon ya kwanta.

Na sayo littafi mai jan bango a Tsohuwar Kasuwa,
na ba kowane kuskure gadonsa.
Gado na ɗaya: sha uku da talatin,
a bakin Bature 'yan biyu ne masu anko.
Gado na biyu: ɗan harafin nan na jam'i
da nake yarwa a ƙarshen kalma.
Gado na uku ya fi jin jiki:
in tsaya kan tambaya guda muna ja-in-ja
har huɗu su wuce ni kamar a-daidaita da ya cika.
Wannan kam ba laifin Turanci ba ne,
taurin kai ne, da shi aka yaye ni.

Gwaji ɗaya ran Asabar, ba ƙari.
Sauran kwanakin na zagayen gadaje ne:
me ya kayar da ni a nan? Me kunnena ya ji?
Me marubucin ya faɗa, me ni na cusa masa a baki?

A aikin dare, in ɗaki ya yi tsit,
Laraba 'yar Kaltungo kan zama mai tambaya.
"Minti biyu. Ba ni labarin wani ruwa da kika sani."
Sai in faɗa Daɗin Kowa da harshen da ba nawa ba,
in nutse, in taso, in shaƙe,
har wani tsoho mai ƙarin ruwa a hannu
ya ɗago kai ya ce,
"'Yata, ba na jin abin da kike faɗa, amma kin fi jiya."

Ashirin da biyar.
Ashirin da uku, ranar ko tuwo ban ci ba.
Ashirin da tara.
Talatin da ɗaya, guminta nawa ne.

Yau da asuba ga ni a tasha,
motar Abuja tana jiran mutum biyu.
Littafin yana jaka, bangonsa ya yi laushi.
An sallami gadaje da dama,
na uku dai har yanzu yana kwance.
Babayo ya miƙo agogon ta taga.
Na ce ai ba a shiga da shi.
Ya ce, "Na sani.
Ki dai riƙe shi zuwa bakin ƙofa."