Albasu Uku a Bayan Birni

Kwana tara bayan ruwan fari
Kaka Magaram ta ce in miƙo mata sandarta.
Muka bi ta bayan Birni, inda duwatsu
suka durƙusa kamar raƙuman da aka sauke wa kaya,
ƙasa tana ƙamshin sabuwar randa.

Na ce, ga albasar daji nan ta tsiro.
Ta ce, wacce?
Na ce, ai duk ɗaya ce.
Ta ja tsaki, har ƙadangare ya ɗaga kai.

Duk ɗaya, in ji wanda bai taɓa haƙa ba.
Tsuguna, ɗan lakwal.
Idona ya yi hazo, amma yatsana yana gani.

Ta kai hannuna ga ta bakin kududdufi,
mai faɗin ganye, mai santsi kamar kunnen ɗan maraƙi.
Wannan albasar kwaɗi ce, ba ta nisa da laka.
In ta yi fure za ka ga fari,
da jan layi a tsakiyar kowane kunne
kamar an ja mata lalle da tsinke.

Muka hau tudu, tana nishi, tana zagin gwiwarta.
Can cikin rairayi, wata siririya,
ganyenta a murɗe, toka-toka.
Hatsin manoma ke nan, in ji ta.
Ba ta buɗewa da rana, kunya gare ta.
Sai an kira magariba a masallacin Birni
ta warware farin mayafinta,
da ɗan ƙoƙo a tsaka, da ƙamshin da ke bin mutum gida.
Kafin hantsi ta yi laushi, ta sunkuya.
Wanda ya makara ya ce ƙarya ake yi.

Ta ukun na gano da kaina, na yi murna,
na sa farce na ɓare bayanta.
Kaka ta yi shiru, ta bar ni.
Ba a jima ba hannuna ya ɗauki ƙaiƙayi
har gwiwar hannu, kamar na dafa gidan tururuwa.
Sai ta yi dariya, haƙoranta huɗu a waje:
Albasar kura ta gaishe ka.
Ita kara take fara turowa, tsirara,
ganye ya biyo baya kamar baƙon da ya ɓata hanya.
Yanzu ko a mafarki ba ka haɗa ta da 'yan uwanta.

Wannan tsohuwa
da ke kirana da sunan ƙanena Kyari,
ta kira Kyari da sunan mijinta da ya rasu,
ta zuba gishiri a shayi ranar Juma'a,
ba ta taɓa kiran ganye da sunan wani ganye ba.

A hanyar komawa, cikin tsagar wani dutse,
sandarta ta taɓa wata.
Ta shafa, ta shinshina, ta ɗan lasa,
ta daɗe.
Faɗinta na ta kwaɗi ne, in ji ta,
amma me ya kai ta nan, babu ruwa?
Launin kuma na waccan ta tudu.
Ta sāke shafawa.
Ban san ki ba, ta ce da ganyen,
da muryar da ake gaida surukai.

Muka kewaye ta da tsakuwa bakwai
a kan mu dawo in ta yi fure.
Na dawo ranar Alhamis bayan kasuwar Dole.
Tsakuwa bakwai suna nan.
A tsakiya, guntun kara da sawun akuya.

Da na gaya mata, tana tsince wake a faifai,
ba ta ko ɗaga kai ba.
Albasar tana ƙasa, in ji ta.
Baɗi ka riga akuya.